Rubutun da Ke Bayan Keke

Abin da na zuba a cikin wannan ciniki ba mai wuyar lissafi ba ne. Akwai filina na unguwar Bolori, wanda na daɗe ina cewa zan gina wa iyalina, na sayar da shi. Da kuɗinsa na sayi injin buga bana, wato manyan ƙyallayen talla, na hannu ne amma mai lafiya, na kuma yanka tamfol na keke guda ɗari biyu. Duka ɗari biyun na buga musu tambarin wata kwaleji da tallar karatunta na yamma, ka ga ke nan in cinikin ya lalace babu wanda zai saye su a hannuna ko da rabin kuɗi. Sai kuma bakina. Tun da na fara sana'a ban taɓa faɗa wa direbobin keken garin nan magana ta tashi ba, kuma a wannan karon na yi ta yawo tasha tasha ina cewa su zo shagona, akwai alheri.

Ni ba ɗan boko ba ne. A unguwar Mafoni na fara, da tebur ɗaya da 'yan ƙusoshi da robar birki. Da aka hana babur a Maiduguri, keke mai ƙafa uku ya cika gari, sai na lura rana da ruwan sama suna cin rufin keke fiye da yadda hanya take cin taya. Na ajiye teloli biyu, na koma yanka tamfol ina ɗinkawa. Da haka na san direbobi, suka san ni. Wani da Kanuri muke ciniki, wani da Hausa, wani ma mu fara da wannan mu ƙare da wancan.

Kwalejin tana can bayan Mairi. Ƙarama ce, ana koyar da kwamfuta da lissafin kuɗi da aikin ofis. Na fara shiga ofishinsu na hulɗa da jama'a ne a matsayin dillali: su ba ni aikin bana ko takardun talla, in kai wa masu injin, in ci ɗan abin da ke tsakani. Shugabar ofishin wata Hajiya ce da ta yi aikin rediyo kafin ta zo nan. Ba ta da yawan fara'a, amma in ta ce gobe za a biya ka, goben za a biya ka. Sai wani Malam mai yi musu zane a kwamfuta, mutum mai tsantseni. Ya taɓa mayar mini da bana sukutum saboda wai shuɗin bai kai shuɗin kwalejin ba. Na ji haushi a ranar, daga baya na gane irin su ake so a sana'a.

Wata rana na kai musu takardu na tarar da Hajiya ta yi tagumi. Ta ce ajin yamma da suka buɗe saboda ma'aikata da 'yan kasuwa ya ƙi cika, shugaban kwaleji kuma ya ce in ba a samu ɗalibai ba a wannan zangon zai rufe shi. Sun kafa allon talla a bakin babban titi, iskar damina ta yage shi. Takardun da suka raba kuwa, ita da kanta ta sayi ƙosai an ƙunsa mata a cikin ɗaya.

Na ce, "Hajiya, wanda kike nema ba ya tsayawa ya karanta allo. Yana cikin keke, yana kallon bayan keken da ke gabansa. In aka yi cunkoso a shataletale, ko ba ya so sai ya karanta."

Ta ɗago kai. Na ci gaba na ce ni zan ba direbobi sabon tamfol kyauta, tallar kwaleji a bayansa, kwaleji ta biya ni. Ta ce shugaba ba zai saki kuɗi a kan magana ba. Za su sa rana, keken da ya zo ƙofar kwaleji ɗauke da tallar, shi za a biya. Wanda bai zo ba, nawa ne. Na amince a take, don a ganina babu direban da zai ƙi sabon tamfol kyauta ana tsakiyar damina.

Malam ya yi zane mai kyau. Shuɗi da fari, tambari a sama, rubutu manya da Hausa da Turanci, ya cika bayan keke tun daga sama har ƙasa. Na sayar da fili, maiɗakina ba ta ce mini komai ba sai, "Allah ya sa a dace," amma na san irin wannan addu'ar. Inji ya iso, muka buga, teloli suka ɗinka, na jera tamfol a shago har ba wurin sa ƙafa.

Direbobi suka zo. Kowa ya ɗaga, ya shafa, ya ce kai wannan tamfol da kauri yake, sannan ya ajiye ya ce zai dawo. Waɗanda suka karɓa ba su cika hannu biyu ba, su ma sababbin shiga ne. Maƙwabcina, wani Inyamuri mai sayar da kayan inji da muka shekara da shekaru tare, ya leƙo ya ga tulin ya ce, "Alaji, ka buɗe makaranta ne ba ka gaya mini ba?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na tashi na sami ciyaman ɗin ƙungiyar direbobi a tasharsu. Dattijo ne, shi ma har yanzu yana tuƙi. Muka gaisa da Kanuri, wushe wushe, aka tambayi gida da zafi da kasuwa, sannan na ce masa, "Ciyaman, me na yi wa mutanenka?"

Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan kekensa. Tamfol ɗin ni na ɗinka shi, ya tsufa ya koɗe, a ƙasansa kuma mai fenti ya rubuta da ja: Addu'ar Iya.

Ya ce, "Alhaji, ka san lambar keken nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma sai na duba. Amma je ka cikin Mafoni ka ce kana neman Addu'ar Iya, mace ko namiji za a nuna maka inda nake. Gidaje nawa ne nake kai wa yara makaranta? Uwarsu ba ta san sunana ba, cewa take kada ku shiga kowane keke sai Addu'ar Iya. Jiya wata ta manta jakarta, ta zo nan tana kuka, ta ce a cikin Ba Gaggawa ta bari. Kafin la'asar an kai mata har gida. To in duk muka koma shuɗi da fari, wa za ta ce?"

Na san direbobi suna kai tamfol wurin mai fenti in sun bar shagona, na sha ganin rubuce-rubucen, amma a matsayin ado na ɗauke su. Ashe wannan layi ɗaya shi ne shagon mutum da allon shagonsa. Zanenmu kuwa bai bar ko faɗin tafin hannu ba.

Ciyaman ya ce, "Ku bar mana wurin rubutunmu, gobe in cika maka shago."

Washegari da safe ina ofishin Hajiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Alhaji, ka san abin da ake rubutawa a bayan keke kuwa? Kana so in ɗora tambarin kwaleji a kan habaici da zagin maƙiya? Hoto ɗaya za a ɗauka a sa a waya, ni da kujerar nan mun rabu."

Malam ma ya ce zane ɗaya ne, in kowa ya kai wa mai fenti ya yaɓa masa ja da kore, to ba tallar kwaleji ba ce kuma, kasuwa ce.

Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma ban yi musu ba. Ban kuma kawo maganar filina ba, don wanda ya fara kuka a wurin ciniki ya riga ya karya farashinsa. Abin da na ce shi ne, "Hajiya, kin yi aikin rediyo. In za ki yi labari, a ofis kike zama ko zuwa kike ki ji da kunnenki? Ki ba ni yamma ɗaya. In kin je kin ce a'a, ba zan ƙara tayar da maganar ba, tamfol kuma in yi rumfa da su."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai dai ɗan kasuwa ne." Amma ta ɗauki mayafinta.

A keke muka je, ni da ita da Malam. Da muka isa tashar, ciyaman ya sa aka kawo benci, direbobi suka taru. Hajiya ba ta zauna ba. Ta bi layin kekunan tana karantawa, tana tambayar kowa dalilin nasa. Mai Ba Gaggawa ya ce ya taɓa kifewa da fasinja, tun daga ranar ya rubuta don ya riƙa tuna wa kansa.

Wani daga baya ya ce, "Ƙarya yake, Hajiya, injinsa ne ba ya gudu!"

Aka kwashe da dariya. Mai Maraya Ya Girma kuwa, ciyaman ne ya ce da keken nan yake riƙe da ƙannensa. Akwai Sai Mun Dawo, na wani da rikici ya raba da ƙauyensu, yana nan yana jiran ranar komawa. Hajiya ta daɗe a tsaye a bayan wannan.

Sai ta iso kan wani keke da aka rubuta wa Mai Hassada Ka Mutu. Mai shi wani dogo ne mai faɗin kafaɗa, ya harɗe hannu yana jira.

Ta ce, "Ɗana, wa kake so ya mutu?"

Ya ce, "Ya san kansa, Hajiya."

Direbobi suka ce mijin yayarsa ne. Lokacin da ya karɓi keken a kan biya sannu a hankali, mutumin ya ce a gaban mutane ba zai taɓa gama biya ba, ƙwacewa za a yi.

Hajiya ta ce, "To ka gama?"

"Tun bara."

"Shi ne kuma har yanzu kake yawo da shi a bayanka? Kai kake sayen mai, shi yana hawa kyauta."

Tashar ta ɗauki ihu. Dogon ya ɓata rai, ya ce shi dai ba mai taɓa masa rubutu, ya tada kekensa ya tafi.

A nan tsaye aka yi cinikin. Hajiya ta ce ta yarda kowa ya riƙe rubutunsa, amma sai ta ji shi tukuna: ba zagi, ba siyasa, ba kirarin 'yan mata. Ciyaman ya ce habaici fa? Ta ce in mai laushi ne za ta duba. Wani ya ce nasa sunan budurwarsa ne amma ya riga ya aure ta. Ta ce ya kawo shaidu. Duk wannan lokacin Malam yana durƙushe a bayan wani keke yana gwada tamfol da tafin hannunsa. Da ya miƙe ya ce ba sai an sake bugawa ba. A ƙasan rufin akwai ƙarfen da ba abin da ke rufe shi. A yanka wani ƙyallen tamfol mai tsawo, shuɗin kwaleji, a buga rubutun direba da fararen baƙaƙe irin na tallar, a ɗinka a ƙasa. Tallar ba ta ragu ba, rubutu ya fi na mai fenti fitowa, kuma ruwa ba zai wanke shi ba.

Na so in rungume shi. Sai Hajiya ta juyo ta ce, "Kuɗin ƙyallen fa, Alhaji? Ni ba zan koma wurin shugaba in ce a ƙara ba."

Na lissafa a raina kafin ta rufe baki. Zai cinye kusan duk ribar da na sa rai, amma zai fitar da uwar kuɗin daga cikin shago. Na ce, "Nawa ne."

Kwanakin da suka biyo baya shagona ya zama kamar kotu. Direba ya zo ya faɗi rubutunsa, in kira Hajiya a waya, ta ce ya wuce ko bai wuce ba. Wanda bai wuce ba ya tsaya ya yi ta gardama da ita a wayata, da kuɗin katina. Malam yana turo zane, inji yana bugawa, teloli suna ɗinki har suka fara yi mini maganar ƙarin kuɗi, na ƙara. Da kekunan farko suka fita gari da sabon rufi da rubutu fes, sauran ba sai an kira su ba. Maƙwabcina ya sake leƙowa ya ce, "Alaji, makaranta ta cika. Ka ce musu robar birki tana nan gefe."

Tamfol ya rage kaɗan sai ga dogon nan. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo wucewa. Nasa rufin ya yage, ruwa yana zuba wa fasinja. Ya ce in kira masa Hajiya. Na kira, na miƙa masa.

Ya ce, "Hajiya, ni ne. Na canja."

Na ji muryarta tana cewa, "Me ka sa?"

"Na Gama Biya."

Ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "Wannan ai ya fi wancan zafi. Alhaji, a buga masa da manyan baƙaƙe."

Ranar da aka sa, tun da hantsi na isa ƙofar kwaleji. Ciyaman ya yi mini alkawari, amma direba da safiya kuɗi ne, kuma ban ba kowa ko sisin mai ba. Na tsaya ina duban hanya, Hajiya da Malam suna gefe. Can sai muka ji hon. Addu'ar Iya ne a gaba, bayansa Ba Gaggawa, bayansu layi har inda ido ya ƙare, shuɗi da fari, kowa da rubutunsa. Mutanen Mairi suka fito bakin shaguna suna tambaya ko wani babba ne ya zo. Shugaban kwaleji ya fito da babbar rigarsa, ya bi layin yana karantawa, ya isa kan Na Gama Biya ya tsaya ya ce, "Wannan da ma ɗalibaina ne suke rubuta shi." Ya juya ya ce wa akawunsa a biya Alhaji a yau.

Ba duka suka zo ba. Wasu suna gareji, wani ya yi tafiya, wani ya karɓi tamfol ya sayar da keken. Hajiya ba ta ƙara mini ko ɗaya a kan waɗanda ta gani ba, ni ma ban roƙa ba.

Dabarar da ta biyo baya tata ce. Kafin direbobi su watse ta sa aka kawo shayi da burodi, ta yi musu bayanin karatun yamman da bakinta: me ake koya, wa zai iya shiga, yadda ake biya kashi kashi. Ta ba kowa takardun talla ya soke a bayan kujera. Ta ce fasinja zai tambaye su, gara su san amsa. Haka kuwa aka yi. Duk wanda ya zo ofis neman gurbi takan tambaye shi a ina ya ji labari, sai ka ji an ce, "A bayan Sai Mun Dawo na gani," ko, "Mai Maraya Ya Girma ne ya gaya mini." Ajin yamma ya cika har aka raba shi biyu. Cikin waɗanda suka zauna a benci har da direbobi, kuma dogon nan yana cikinsu, yana koyon lissafin kuɗi. In an tashi shi ke kwaso 'yan ajinsu, kuma ba ya rage musu ko kwabo.

Da lokacin mujallar kwaleji ya zo, Hajiya ta sa hoton layin kekunan a bangonta, ta rubuta labarin direbobi huɗu da dalilin rubutunsu. Ni aka ba aikin bugawa. Daga nan kalandarsu ta shekara, da littafin bikin yaye ɗalibai, da bana duk suka dawo hannuna, ba a matsayin dillali ba, a matsayin mai inji. Har yau Malam yana mayar mini da aiki in shuɗi bai yi masa ba, har yau kuma ina sakewa ba tare da musu ba. Wasu makarantun da masu shaguna sun zo suna son bayan keke. Sharaɗina na farko ga kowa ɗaya ne: ƙasan na direba ne.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Ribar tamfol ɗari biyun ƙyalle da katin waya suka cinye ta, abin da ya rage bai fi kuɗin cefane ba. Filin Bolori bai dawo ba. Na koma in fanshe shi na tarar wanda ya saya ya riga ya zuba harsashin gini, sai na sayi wani can gaba, ya fi nisa amma ya fi faɗi, kuma a wannan karon na gina, maiɗakina ce ta zaɓi inda ƙofa za ta kalla. Inji ya biya kansa ya haifi na biyu. Teloli biyu sun zama biyar. Bakina kuwa yana nan yadda yake: na ce wa direbobi akwai alheri, sun zo sun samu, kuma babu wanda ya rasa sunan kekensa a shagona.